Yadda Ake Ajiye Aiki Mai Cin Rai a Koma Sana'ar Zare da Koyar da Ita

Akwai aikin da kafin albashinsa ya shigo ƙarshen wata ya riga ya cinye barcin mutum, da lokacin iyalinsa, wani lokaci har da lafiyarsa. Ma'aikacin bankin da aka ɗora wa adadin kuɗin da dole ya nemo duk wata ya san wannan. Ma'aikaciyar jinya mai kwanan asibiti ta sani, haka malamar makarantar kuɗi da ke tafiya gida da tarin littattafan makin yara. Da yawa cikinsu akwai abin da hannunsu ya iya ko zuciyarsu ke so: saƙar kwarashi, ɗinkin hula, aikin babbar riga, rini, ko saƙar gargajiya. In sun zauna da zare na awa ɗaya sai su ji hankalinsu ya dawo jikinsu, sai tunani ya zo: me zai hana wannan ya zama abin da nake ci da shi?

Yana yiwuwa ƙwarai. Amma abu biyu nake so su zauna maka a rai tun yanzu. Takardar ajiye aiki ita ce abu na kusan ƙarshe da za ka rubuta. Sannan aikin hannu a hankali yake tafiya, don haka sayar da abin da ka saƙa kaɗai da wuya ya riƙe gida. Koyarwa ce za ta riƙe maka tukunya. Duk matakan da ke ƙasa a kan waɗannan biyun aka gina su.

Mataki na farko: gano abin da ke cin ranka

Kafin komai, ka je asibiti a auna jininka, ka faɗa wa likita gaskiyar yadda barcinka da cin abincinka suke. Ka ɗauki hutun shekararka cikakke. In bayan hutun ka ji ƙarfi ya dawo, kuma ka lura cewa mutum ɗaya ne ko sashe ɗaya ke hana ka sukuni, to wataƙila canjin wurin aiki kake buƙata, sana'ar zaren kuma ta zama ta ƙarshen mako. In kuwa ka huta amma tunanin komawa kaɗai yana sa gabanka faɗuwa, ci gaba da karatu.

Mataki na biyu: zaɓi reshe ɗaya

Sana'ar zare gida ce mai ɗakuna da yawa, kuma mai shiga duka lokaci guda ba ya ƙwarewa a ko ɗaya.

Saƙar kwarashi da ta allura biyu su ne mafi sauƙin farawa: zaren ulu, kwarashi, almakashi, tef ɗin awo, shi ke nan. Kasuwarsu kayan sanyin jarirai ce, da jakunkuna, da kayan adon ɗaki. Ɗinkin hula da aikin riga na hannu, irin aska biyu da aska takwas da aka san Zariya da su, jarinsu kaɗan ne amma suna cin ido da lokaci, kuma mai saye ya san mai kyau daga nesa. Rini yana kawo kuɗi da sauri fiye da sauran, sai dai yana buƙatar fili, da ruwa, da wurin zubar da ruwan rinin da ba zai cuci maƙwabta ba. Saƙar gargajiya kuwa, ta maza mai fitar da ƙyalle siriri da ake harhaɗawa a yi saƙi ko fari ko luru, da ta mata mai faɗi da ake kafawa a jikin bango a fitar da gwado, ita ce mafi wuyar koyo. A ganina ita ce kuma mafi cancantar a ba ta rai, don masu yinta suna tsufa, kuma abin da ya yi ƙaranci shi ne ake nema a biya kuɗi a koya.

Ka zaɓa da la'akari da jikinka. Mai ciwon baya ya yi tunani sau biyu kafin ya zauna a masaƙa. Mai ciwon asma ya nisanci rinin zamani. Wanda idonsa ya fara rauni ya fara zuwa a gwada masa tabarau kafin ya kama ɗinkin hula.

Mataki na uku: koya a hannun gwani, kana nan a bakin aikinka

Bidiyon YouTube zai nuna maka yadda ake riƙe kwarashi. Ba zai kama hannunka ya ce ka ja zaren da ƙarfi ba. Nemi mai sana'a na gaske, ka je masa Asabar da Lahadi.

In rini ne, marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, har yanzu tana aiki. A can za ka ga yadda ake haɗa ganyen baba da toka da katsi, wato dusar tsohon rini da aka ƙona, a rijiyar rini, a bar su su ruɓa kwanaki, yadda ƙyalle ke fitowa kore-kore sannan iska ta mayar da shi shuɗi a gaban idonka, da yadda ake maimaita tsomawa har launin ya kai inda ake so. Garin Kura an san shi da turkuɗi da rawanin nan ɗan Kura da Buzaye ke nema, kuma a wurin mabuga za ka gane cewa ƙyallin da ke jikin ƙyalle aikin dukan itace ne. In saƙa ce, ka zauna da masaƙi tun daga wadari, wato jera zaren tsaye, ka koyi zura zare a allera mai ɗaga zaren tana saukewa, da jifan ƙoshiya mai gitta zare, da naɗa zare a kwarkwaron da ake sawa cikin ƙoshiya, ka san bambancin zaren tsaye mai murɗi da abawa mai taushi da ake gittawa. In da hali ka nemi tsohuwar da ta iya kaɗi ta nuna maka yadda ake gurzar auduga a fitar da gurya, a shiɓe ta, a kaɗa da mazari. Ko ba za ka yi kaɗi don sayarwa ba, wannan darasi ne da wata rana ɗalibai za su cika maka ɗaki saboda shi.

Ka je musu da ladabi. Ka ajiye digirinka a bakin ƙofa, ka gaida Baba ko Inna yadda ya kamata, ka yi maganar kuɗin koyo a fili tun ranar farko, ka biya ba tare da an tuna maka ba. Ina jin zafin yadda wasu ke kwasar ilimin tsofaffin nan kyauta, su ɗauki hotunansu, sannan su je su kafa aji suna karɓar kuɗi ba tare da ko ambaton sunan wanda ya koya musu ba. Kada ka shiga sahunsu.

Mai son ya haɗa da ilimin boko, sashen zane-zanen masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya yana da ɓangaren tufafi, kuma cibiyoyin koyar da sana'o'i na mata a ƙananan hukumomi da dama suna koyar da saƙar keke. Amma ba satifiket mai saye ke dubawa ba. Bayan ɗinki yake juyawa ya gani.

Wata shida zuwa shekara na koyo mai naci ba su yi yawa ba. Alamar ka fara isa ita ce ka yi abu iri ɗaya sau uku, su fito girma ɗaya, kyau ɗaya.

Mataki na huɗu: gwada kasuwa, ka lissafa lokacinka

A nan yawancin mutane ke faɗuwa, don haka zan daɗe a kai.

Da farko, gargaɗi ga ma'aikacin gwamnatin Najeriya: ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin kundin tsarin mulki na 1999 ta hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, in ban da noma. Koyo ba laifi ba ne, amma buɗe shago kana bakin aiki yana iya jawo maka tuhuma. Ma'aikacin kamfani kuma ya duba takardar ɗaukarsa aiki ya ga abin da ta ce.

In hanya a buɗe take, yi kaya kaɗan ka sayar wa waɗanda ba su san ka ba. Yayarka za ta saya don ƙauna, abokin aikinka don kunya. Wannan ba shaida ba ce. Shaida ita ce baƙo ya saya, ya dawo, ya turo wani.

Duk abin da ka yi, rubuta awannin da ya ci. Ga misalin lissafi, lambobin kayan ka sauya su da na kasuwarku. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 naira 70,000 ne. In ka raba shi da kwana 22 na aiki, awa takwas kullum, awa ɗaya ta kama kusan naira 400. A ce ke mai saƙa ce, saitin kayan jariri, riga da hula da safa, ya ci miki awa 15: ladan hannunki 6,000 ke nan. A ce zare ya ci 4,000, leda da kuɗin mota da data 1,000. Kin tashi a 11,000 kafin riba. In kin ɗora ribar kashi 20 cikin ɗari, farashin ya zama 13,200. Yanzu tambayi kanki: akwai mai saye a haka a inda kike, alhali kasuwa cike take da na gwanjo da na China masu araha?

Sannan dubi ɗaya gefen. Ko da kin sayar da komai, kin yi saƙa awa takwas kullum wata guda, abin da hannunki ya samo bai wuce mafi ƙarancin albashi ba sai 'yar ribar da ke sama. Kuma babu wuyan hannun da zai jure saƙar awa takwas kullum, balle a ce ke ce mai zuwa kasuwa, mai ɗaukar hoto, mai amsa waya. Amma a ce ɗalibai shida suna biyan 10,000 kowacce a wata, ana zama sau biyu a mako, awa biyu-biyu: 60,000 ke nan a awa 16. Wannan lissafin ne ya sa na ce koyarwa ce ginshiƙi.

Ba ina nufin a daina yin kaya ba. Kayanka su ne shaidar da ke jawo ɗalibai. Sai dai ka daina gasa da inji a kan araha, ba za ka ci ba. Manyan masaƙun Kaduna da Kano ma da injinansu sun durƙushe a gaban kayan waje. Ka yi abin da inji ba ya yi: aiki da sunan jariri a jiki, launin da amarya ta zaɓa da kanta, rinin baba na asali, zaren tsamiya wato silikin gargajiya, hula da aka auna da kan mai ita.

Ka kuma san lokutan kasuwarka. Kayan sanyi ana fara saƙa su tun damina don su riski hunturu. Hula da aikin riga suna tashi ne gabanin ƙaramar Sallah da babba, kuma wanda ya karɓi aikin da ya fi ƙarfinsa a azumi ya ɓata sunansa da hannunsa. Rini da damina shanya ke ba shi wahala.

Mataki na biyar: tara guzuri, ka sauke bashi

Rubuta abin da gidanka ke ci a wata: abinci, haya, kuɗin makaranta, magani, wuta, abin da kake aika wa iyaye. Ninka shi sau shida aƙalla. Mai iyali ya nufi sau goma sha biyu. Wannan kuɗin ci ne, daban da jari. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

Biya bashin da ake cira daga albashinka kafin ka tafi, musamman in wurin aikinka ne ya ba ka. Kada ka ci sabon bashi don fara wannan sana'a. Alherinta ke nan, jarinta kaɗan ne. Adashi ya ishe ka sayen keken saƙa ko kayan rini. Ka biya hayar shekara da kuɗin makarantar zango mai zuwa tun albashi na shigowa.

Inshorar lafiya ta wurin aiki takan tsaya da tsayawar aikin. Ka bincika hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharku, irin KSCHMA a Kano, ka ga tsarin da take da shi na masu zaman kansu. Game da fansho, dokar 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cire abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na asusunsa ba, in ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba. Ka san da wannan, amma ka bar shi a matsayin mafita ta ƙarshe.

Mataki na shida: shawara da iyali

Za a ce maka, ka bar banki ka koma saƙa? Akwai tsohon kallon raini da ake yi wa masaƙa da marina, kuma iyayen da suka sha wahalar karatunka suna da haƙƙin su ji tsoro. Kada ka je musu da labarin gajiya kaɗai. Ka je da littafin lissafinka, da kayan da ka yi, da adadin da ka tara. Ka ce, Baba, ga abin da na sayar cikin wata shida, ga abin da na ajiye, ga ranar da zan sake duba lamarin. Ke kuma 'yar'uwa, ki zauna da maigida ku gama magana a kan shigowar ɗalibai gida, da ranaku, da ɗakin da za a yi amfani da shi, tun kafin ki sanar da kowa. Mai aure namiji ya tuna cewa uwargida ce za ta fara jin ragowar cefane, don haka da ita ake yanke shawara. Ka yi istihara, ka nemi albarkar iyaye.

Mataki na bakwai: ajiye aikin cikin mutunci

Duba wa'adin sanarwa a takardar ɗaukarka aiki. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta sa mako biyu ga wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai biyar ko fiye, amma wurare da yawa nasu sharaɗin ya fi haka tsawo. In akwai damar hutu ba albashi, fara neman wannan. Rubuta takarda gajera ta godiya, ka miƙa komai a rubuce, ka karɓi takardar sallama. Kada ka zagi kowa a Facebook. Tsofaffin abokan aikinka su ne masu albashin da za su sayi kayanka, 'ya'yansu kuma su ne ɗalibanka na dogon hutu.

Mataki na takwas: buɗe aji

Iya yi daban, iya koyarwa daban. Fara da mutum huɗu ko biyar, don ka iya zagayawa kan hannun kowa. Tsara darasin mako huɗu zuwa shida a takarda, kuma ka tabbatar ɗalibi ya tafi gida da abin da ya gama da hannunsa tun zama na biyu, ko da ɗan matashin kofi ne ko hankici mai rinin ƙulli. Wanda ya yi mako uku yana koyon riƙe zare bai ga komai ba, ba zai dawo ba.

Zauna gefen ɗalibi ku fuskanci wuri ɗaya, ya ga hannunka yadda zai ga nasa. Bahago kuwa ka zauna gabansa ya kwaikwaye ka kamar madubi. In ya yi kuskure kada ka karɓe ka gyara. Nuna masa wurin, ya warware da kansa. Warwara rabin sana'ar ce, kuma dole a koyar da ita ba tare da kunyatarwa ba.

Ka sayo kayan koyo da kanka a sari, a Kantin Kwari ko Kurmi ko babbar kasuwar garinku, ka haɗa wa kowa ƙunshinsa, ka sa kuɗinsa daban da kuɗin koyo. A biya kafin a fara. In kana so ka taimaki marainiya ko bazawarar da ba ta da hali, ware gurbi ɗaya a kowane aji don Allah, ka bar sauran su biya. Haka taimakon zai ɗore.

A ajin rinin zamani babu wasa. Sodar da hodar da ake haɗa rinin da su suna ƙona fata, tururinsu kuma yana cutar da ƙirji. A yi a fili inda iska ke kaɗawa, da safar hannu ta roba mai tsawo, da takunkumi, da abin kare ido. Soda ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a kan soda. Kwanon rini ba ya komawa kicin, kuma yara ƙanana ba sa kusantar wurin.

Ina ɗaliban suke? Makarantun Islamiyya na matan aure, ƙungiyoyin mata na unguwa da na coci, makarantun kuɗi masu neman darasin sana'a, 'yan makaranta a dogon hutu, da ma'aikata irinka na da, waɗanda ba sana'a suke nema ba, hutun ƙwaƙwalwa suke nema ranar Asabar. Waɗannan na ƙarshe ka fi kowa sanin ciwonsu. Daga baya ka ƙara aji ta WhatsApp ko Telegram: bidiyo gajeru saboda tsadar data, waya a kafe ta saman kafaɗarka, zare mai haske a kan shimfiɗa mai duhu, bayani da Hausa tsantsa. Darasin zare da Hausa bai yi yawa a intanet ba, kuma masu jin Hausa daga Maraɗi da Damagaram har zangon Kumasi suna iya shiga ajinka.

Akwai masu tsoron cewa ɗalibi zai ƙwace musu kasuwa, har su ɓoye wani sirrin. Ban yarda da wannan ba. Ɗalibar da ta ƙware ita ce za ki ba aiki ranar da odar suna ko biki ta fi ƙarfin hannunki, ita ce kuma za ta riƙe miki ƙaramin aji in kin buɗe na gaba.

Mataki na tara: tsara sana'ar da jikinka

Buɗe asusun banki na sana'a daban, ka yanka wa kanka albashi daga ciki. Riƙe littafin shiga da fita. Kada ka taɓa zare sai an ba da kafin alƙalami, aƙalla kuɗin kaya. In abu ya fara kama ƙasa, yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, ka kuma yi rajista da SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i. Makarantu da ƙungiyoyi sukan nemi takarda kafin su ba ka kwangilar horarwa. Kai kayanka baje kolin Kano ko na Kaduna, a Nijar kuma akwai baje kolin SAFEM a Yamai na sana'o'in mata.

Sa wa kanka lokacin tashi. Mutumin da ya gudo daga aiki mai cin rai yana iya gina wa kansa irinsa a tsakar gida, yana amsa saƙon masu saye ƙarfe ɗaya na dare. Yi aikin ido da hasken rana, ka miƙe duk bayan rabin awa, ka motsa wuya da yatsu. In yatsu suka fara mutuwa ko wuyan hannu na zogi da dare, tsaya ka ga likita.

Mataki na goma: ranar duba lissafi

Tun ranar da ka ajiye aiki, rubuta wata rana a kalanda, wata shida gaba, da wata kuma a cikar shekara. Ranar ka buɗe littafi ka duba abu uku: nawa sana'ar ta kawo a kowane wata, nawa ya rage a guzuri, da yadda barcinka da awon jininka suke. In kuɗin da ke shigowa ya kai rabin abin da gida ke ci kuma yana hawa, ci gaba. In guzuri ya sauka zuwa na wata uku kuma babu alamar hawa, nemi aikin rabin rana ka riƙe ajin ƙarshen mako. Saboda wannan ranar, ma'aikaciyar jinya ta ci gaba da sabunta lasisinta, malami ya riƙe rajistarsa ta hukumar rajistar malamai (TRCN), akanta kuma kada ya bar kuɗin ƙungiyarsa ya taru.